Masu Sauraron Azurfa

Da toka da lemon tsami da soson ƙarfe na ɓata rabin gadon kakata. Liyari ne guda biyu da ta ƙulle a bakin wani tsohon zane can ƙasan adaka, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da aka zo rabon kayanta suka faɗo a kasona. Na ga ai abin kunya ne in kai su kasuwa a haka. Na samu soson ƙarfe na dirje ɗaya har sai da ya riƙa ɗaukar ido, hannu ya gaji, na bar ɗayan da dauɗarsa. Washegari na shiga Kasuwar Monday, aka yi mini kwatancen wani dattijo da ke zama a gefen rumfar wani maƙerin azurfa.

Ya karɓi mai ƙyallin, ya juya shi sau ɗaya, ya ajiye. Ya ɗauki baƙin ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wa ya yi wa wancan wanka?"

"Ni ne, Baba," na ce, ina jiran a sa mini albarka.

"To ka mayar da shi na maƙeri. A sikeli za a saye shi. Wannan da ba ka taɓa ba, shi ne za mu yi magana a kansa."

A Maiduguri wannan sana'a ba ta da allo a ƙofar shago, ba ta ma da suna guda. "Mai tsoffin kuɗi" kawai ake cewa. Galibi maƙerin azurfa ne da ido ya fara gajiya da aikin wuta, ko ɗan koli mai carbi da tsakiya da zobba wanda ya ware gwangwani ɗaya a gefen faifansa. Kayan aikin duka ba su cika aljihun babbar riga ba: ƙaramin sikeli, maganaɗisun da aka ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, gilashin ƙara girman rubutu, tsinken sakace, buroshin haƙori da ya gama aikinsa na farko. Kaya kuma su ke zuwa da ƙafarsu. Daga rabon gado, daga masu haƙa harsashin gini, daga yaran da ke tsintar ƙarafa waɗanda a nan ake kira 'yan ajakuta, da kuma, a shekarun nan na tashin hankali, daga matan da suka baro Bama da Dikwa da Kukawa ba su tsira da komai ba sai abin da ke wuyansu.

Sarkin wannan faifai shi ne liyari, wanda Barebari ke kira gursu. Ƙatuwar azurfa ce mai hoton wata mace mai jiki, lulluɓi a kanta, bayansa kuma gaggafa mai kai biyu. Matar ita ce Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta hau mulki a 1740 ta rasu a 1780. Larabawa sun raɗa masa suna Abu Ɗair, uban tsuntsu, saboda gaggafar. Ta hamada ya sauko, daga Tarabulus ta Fezzan da Kawar, ya zama kuɗin manyan cinikayya a Borno: doki, raƙumi, hauren giwa, da abin da ya fi waɗannan muni. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kukawa a 1851, ya ba da labarin wahalar cefane a kasuwar Litinin ta birnin. Manomin da ya kawo hatsi ba ya karɓar wuri, da ƙyar yake yarda da liyari, shi riga yake so. Sai mai saye ya canji liyarinsa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya je ya yi musayar rigar da gero. A lokacin wuri sabon shigowa ne a Borno, mutane sun fi sabawa da gabaga, wato ƙyallen saƙi, ana lissafi da ratal, kowane ratal wuri 32. A Kano kuwa a wannan shekarar liyari ɗaya wuri 2,500 ne. Bayan da Faransawa suka kashe Rabeh, wanda ya ƙwace mulkin Borno, a Kusuri a 1900, da liyari suka yanka wa Shehunan Borno ladan aikinsu, dubun dubata.

Ga tarkon da ke kama kowane baƙo. Duk liyarin da zai zo hannunka, 1780 za ka gani a jikinsa. Mai shi ya lissafa ya ga shekara ɗari biyu da arba'in da ɗoriya, sai ya fara gina gida a zuciyarsa. Alhali kasuwannin Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ne suka ƙi karɓar kowane irin liyari sai mai wannan hoto da wannan shekara, don haka aka daskarar da ita. Aka ci gaba da bugawa da 1780 a Biyana da Milan da Banis, daga baya a Rum lokacin da Musolini ke shirin mamaye Habasha a 1935, sannan Landan da Bamingam da Faris da Burasal, har Bombay ta Indiya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. An buga sama da miliyan ɗari uku, kuma har gobe Ostiriya tana bugawa. Saboda haka tambayar ba ta shekarar da aka rubuta ba ce. Tambayar ita ce na gaske ne ko jabu, in na gaske ne kuma, bugun ina ne.

Amsar farko a kunne take. Dattijon ya ɗora liyarin a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da wani, ya kai kusa da kunne. Azurfa tana da dogon numfashi, amonta siriri ne, yana ja kafin ya mutu. Dalma ko gamin da aka yi wa fenti sai ka ji ƙwas, shi ke nan. Daga nan sai sikeli. Cikakken liyari giram 28 ne da ɗan ɗigo, faɗinsa kusan santimita huɗu, kashi 833 cikin dubu azurfa, sauran jan ƙarfe. Wanda ya sha hannu zai iya rasa ɗan abin da ba a rasa ba, amma in ka ga ya faɗo zuwa 24 ko 25 kuma rubutunsa garau, akwai magana. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai wannan gwaji rabin shaida ne, domin tagulla da dalma ma ba ya kama su. Sai gefe: liyarin ƙwarai yana da rubutu mai tudu da ya zagaye bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, adalci da rangwame, kirarin sarautar matar. Nan ne masu jabu suka fi faɗuwa, don zubi ba ya fitar da shi tsaf.

Sanin mabuga kuma aikin gilashi ne. Ƙarƙashin hoton akwai haruffa biyu, S.F., na jami'an mabugar Gunzbag guda biyu da suka yi aiki a 1780, kuma kusan duk bugun baya ya kwafe su, don haka ba su raba gardama. Abin da ke rabawa ƙanana ne: adadin duwatsun da ke jikin kambun goshin sarauniyar, duwatsun maɓallin da ke kafaɗarta, gashin jelar gaggafa, siffar ɗan gicciyen da ke bayan 1780. Fataken da ma da babban yatsa suke shafa maɓallin nan, in duwatsun sun shafe su rage masa daraja. A nan na gane ɓarnar da na yi. Soson ƙarfe ya bi ta kan waɗannan ɗigogi ya bar zane-zane kamar kaza ta yi tono. Gaskiya, a kuɗi asarar ba ta taka kara ta karya ba, don yawancin liyari bai fi farashin azurfarsa da wani abin kirki ba. Amma da a ce bugun farko ne da ba a cika samu ba, da garin neman gira na rasa ido.

Ƙarƙashin liyari sai tarkacen zamanin Turawa, waɗanda sunayensu suka fi su tsawon rai. Har yau mutum na cewa ba shi da ko sisi, ko anini, alhali bai taɓa riƙe ɗayansu ba. Anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Anini ɗaya bisa goma na kwabo ne, an ƙirƙiro shi don ya maye gurbin wuri a ƙananan cinikayya, kuma ya fara fitowa a 1907, shekarar da Shehu Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri. Shi da garin sa'o'in juna ne. Na farkon da alminiyam aka yi shi, yana cikin sulallan alminiyam na farko a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Yana da huji a tsakiya don a shanya a zare, da tauraro mai kusurwa shida da ake kira hatimin Sulaimanu, da darajarsa a rubutun Larabci. Sule mai bishiyar kwakwar manja ya zo a 1913 da azurfa, a 1920 aka fara juyawa zuwa tagulla mai ruwan ɗorawa bayan azurfa ta yi tsada. Mai tsoffin kuɗi da ya san aikinsa shekara yake fara dubawa, ya ware na kafin 1920 gefe. Yana kuma neman ƙaramin harafi, H ko KN, alamar kamfanonin Bamingam da suka yi bugun, don wani lokaci harafin nan ne kaɗai bambancin kwabon banza da wanda ake nema. Akwai kuma na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta kafin shekara ta ƙare. A Ingila kuɗinsa ba su shiga kasuwa ba, amma a nan kwabo da ɗari da anini masu sunansa sun yi yawo, tunda mai huji ba ya buƙatar hoto. Suna da daɗin labari, ba su da tsada, don an buga su da yawa. Na 1959 da Babban Bankin Najeriya ya fitar, da kwabban naira na 1973, waɗannan a mudu ake maganarsu.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce mai wuyar faɗa wa mutane, saboda jita-jitar da ta ƙi mutuwa. Kowane 'yan shekaru sai ta taso: wai akwai tsohon kwabo mai jan ƙwayar shinkafa, ko mai zaiba a ciki, abin da 'yan damfara ke kira jan makuri, wai wani Bature na otal yana jira da miliyoyi. Babu zaiba a cikin kwabo. Abin da ke akwai shi ne wanda zai ce ka kawo kuɗin gwaji.

Wata rana ina zaune wurin dattijon wani saurayi da ya dawo daga aikin gini a Libiya ya kwance leda ya zube wasu 'yan ƙananan sulalla huɗu, korra-korra, ba wanda ya kai faɗin tsohon sule. Kuɗin Rumawa. Baƙi ne a faifan Yerwa, ba kamar liyari ba, amma ba bare ba ne kamar yadda ake zato. Duk wanda ya yi makarantar elementare kafin naira ya san ana rubuta kwabo da harafin d. Wannan d ɗin denarius ne, sulen azurfar Rum da aka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunan nan ne Larabawa suka mayar dinar, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga nasa na Musulunci a shekara ta 77 bayan hijira da nauyin miskali ɗaya, giram huɗu da kwata. Daga dinar Barebari suka samu sunan da suke kiran zinariya da shi, mu ma zinaren namu daga can ya fito. Kayan Rum da kansu sun nutsa cikin hamada: Garamantawan Fezzan, masu birnin Jarma, sun yi ciniki da garuruwan gaɓar teku, kuma a kabarin Tin Hinan da ke Abalessa a ƙasar Ahaggar, wanda aka buɗe a 1925, an samu hoton kuɗin Sarki Kustantin a jikin ɗan fallen zinariya. Fezzan ɗin nan ita ce mai unguwa da sunanta a cikin Maiduguri.

Dattijon ba ya karanta Latin, amma kafin a je ga karatu ya riga ya ture biyu gefe. Rumawa ba zubi suke yi ba, bugu suke: a sa ɗan curin ƙarfe tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma. Shi ya sa kuɗinsu ba ya zagaye daidai, hoton kan zame gefe, baki kan tsage, kuma ba a samun biyu da suka yi kama ta kowace fuska. Waɗannan biyun kuwa tagwaye ne har da tsagar bakinsu, ga siririn layi ya zagaye gefen inda bakin mazubi ya haɗu, ga 'yan ramuka na kumfa, haruffan sun yi laushi kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Irin tsarabar da ake sayar wa masu yawon buɗe ido ce. Mutumin da ya yi shekaru yana zuba mundaye ba a koya masa kamannin zubi.

Karatun kansa ba shi da wuyar da ake tsammani, domin Rumawa sun cika maimaita kai. Fuska tana ɗauke da kan sarki da sunansa da jerin muƙamai a taƙaice: IMP, AVG, COS, TR P. Ba sa rubuta shekara, amma muƙamin TR P duk shekara ake sabunta shi, lambar da ke binsa ita ke nuna shekara ta nawa ce a mulkin sarkin. Haka ake sanin lokacin kuɗin mutum irin Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211. Manyan tagullan farkon daula suna da SC a baya. Na ƙarni na huɗu kuma suna faɗin garin da aka buga su a ƙasan hoton baya: ALE Iskandariyya ce, ANT Antakiya, CONS birnin da muke kira Santambul. Biyun da suka rage wa saurayin irin waɗannan ne, ɗaya da sojoji biyu tsaye da tuta a tsakaninsu, ɗaya da soja yana soke mahayin da dokinsa ya faɗi. Na gidan Kustantin ne, sun haura shekara dubu ɗaya da ɗari shida. An buga su ba adadi, a kasuwannin Turai a tsibi ake sayar da irinsu, ɗaya bai fi kuɗin abincin rana ba. Saurayin bai ji daɗin wannan ba. Tsufa daban, ƙaranci daban, kuma ƙaranci da lafiyar jiki ake biya.

Lafiyar jikin nan Turawa sun yi mata matakala, daga wanda ya side har zuwa wanda bai taɓa shiga hannu ba, Amurkawa ma tun 1949 suna da ma'auni mai hawa 70. Dattijon hawa uku gare shi: ya shafe, da sauransa, kamar yau aka buga. Amma inda yake dubawa nan su ma suke dubawa, wato wuraren da suka fi tudu, su ne hannu ke fara ci: gashin kai, kunne, kunci, ganyen kwakwa a jikin sule. A kuɗin Rum ana ƙara duba ko bugun ya zauna a tsakiya, ko sunan sarki ya fito duka. Huji ko kunnen da maƙeri ya liƙa don rataya yana karya farashi warwas a wurin masu tarawa. Ni a nan ban bi su ba. Liyarin da aka huda aka jera a sarƙar wata Bashuwa, ya yi shekara hamsin yana gogar ƙirjinta, ya fi wanda ya kwana a akwatin banki labarin Borno. Amma ba ni ke sa farashi ba.

Wanki shi ne inda aka fi ɓarna, kuma mafi yawan ilminsa hani ne. Mu mutane ne masu son ƙyalli, kwanon da ba a dirje ba ƙazanta ne, sai mu ɗauka haka kuɗi yake. Lemon tsami, tsamiya, toka, yashi, lemon kwalba, man goge tagulla, duk suna cin fatar ƙarfen ne tare da dattin. Baƙin da ke kan azurfa ba ya cutar da ita. In ƙasa ta manne, ruwa da ɗan sabulu mai laushi sun isa, a dangwala da tsumma, kada a goga. Tagulla ta fi wuyar sha'ani. Koren nan mai santsi da tauri, ko ruwan ƙasa mai duhu, da ya lulluɓe kuɗin Rum ba datti ba ne, shi ne fatar da ƙarfen ya yi cikin ɗaruruwan shekaru, sau da yawa ma a cikinsa rubutun yake zaune. Ka kankare shi, ka kankare sarkin. Abin da ake cirewa ƙasar da ke bisansa ce kawai. A jiƙa a tataccen ruwa, irin farin da ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba, a riƙa canzawa, bayan kwanaki a bi da buroshi da tsinke a hankali a ƙarƙashin gilashi, a sake mayarwa. Wasu na jiƙawa a man zaitun wata da watanni, yana tausasa ƙasar amma yana duhunta kuɗin. Wanda ba shi da haƙurin mai jiran kaka, ya bar abin yadda ya gan shi.

Kore ɗaya ne abin tsoro: mai haske, mai laushi kamar gari, wanda in ka share yau bayan kwana kaɗan ya dawo. Wannan ciwo ne. Gishirin da ya shige ƙarfen tun yana cikin ƙasa ne ke haɗuwa da laima yana cin sa daga ciki har ya rarake. Irin wannan a ware shi, a kankare garin, a jiƙa a tataccen ruwa a yi ta canzawa, a busar da shi sarai. Busasshiyar iskar Yerwa gata ce ga tagulla, amma ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu, ta jiƙa adakoki da yawa, kuma abin da aka mayar cikin leda da danshinsa yana can yana ciwo. Ambulan ɗin takarda ya fi leda. Kafin ruwan ma kasuwar ta sha gobara a Fabrairun 2023, ita kuwa wuta ba ta barin abin da za a wanke.

Akwai iyakar da mai hankali a sana'ar ba ya tsallakawa. Abin da aka tono a kufai, irin su Birnin Ngazargamu ko tuddan bakin Tafkin Chadi, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsa barkatai, ta hana fitar da shi waje ba izini. Ko ba doka, kuɗin da aka zare daga inda ya kwanta ba tare da an rubuta wurin da zurfin ba ya rasa rabin abin da zai iya faɗa.

Babban abokin hamayyar mai tsoffin kuɗi kuwa yana zaune a gefensa, suna shan shayi tare. Maƙeri ba ruwansa da duwatsun kafaɗar sarauniya. Shi giram 23 da 'yan kai na tsantsar azurfa yake gani a kowane liyari, kuma tun zamanin Kukawa haka abin yake: mundaye da zobba da kayan kai na matan Barebari da Shuwa, da yawansu liyari ne da aka narkar. Duk lokacin da azurfa ta tashi a kasuwar duniya, gwangwanin dattijon sai ya yi sauƙi.

Nawa mai ƙyallin can ya tafi. An ɗora shi a sikeli, ya ba da giram 27 da rabi, muka yi ciniki a mayar mini da shi zobba biyu. Baƙin na mayar cikin ƙullin zanen kakata. Kafin dattijon ya miƙa mai ƙyallin ga maƙerin, sai ya sake ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa. Yaron da ke jan zugazugi ya tsaya, mu uku muka yi shiru har amon ya ƙare, sannan aka jefa shi a kasko.